Lamunin da Mati Ya Ɗauka a Bikon Hanne

Shekarar da aka rufe iyaka Mati ya rasu. Ba rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar nake nufi ba, ta farkon, wadda aka ce saboda shinkafa aka yi ta, lokacin da manyan motoci suka yi dogon layi a Maigatari har direbobi suka koma shanya wanki a jikinsu. Da kaka ne, an gama yankan gero ana ɗaure dammuna. Idan na haɗa da kakar bana, shekara shida ke nan.

Har yau idan zan rubuta abin da ya taɓa zuciyata da ajami nake farawa, daga dama zuwa hagu, a hankali, sannan in zauna in mayar da shi boko saboda masu buga jarida. Wannan ma haka na yi masa. Na sauya sunayen mutane, na ɓoye sunan ƙauyen, amma mai labarin ta san zan rubuta, kuma ta amince. Duk shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kan abokina ba, ba don na manta da shi ba. Ya tafi ne da haƙƙin wata mata a wuyansa, ita kuma ba ta yafe ba, kuma mun karanta tun muna yara cewa abin da ke tsakanin bawa da bawa Ubangiji Yana barinsa sai mai shi ya saki. Ban san yadda zan yabi mutum a jarida ba alhali na san abin da ke jiransa.

A Gumel muka haɗu, a zauren malaminmu, muna samari. Ni na zauna da littattafai, shi kuwa zaman bai karɓe shi ba. Yakan ce in ya buɗe littafi baƙaƙen sai su yi ta yawo kamar tururuwa, amma in ya buɗe bakin bijimi, haƙoran nan karatu suke yi masa tiryan-tiryan. Ya koma Maigatari ya zama dillalin dabbobi, ya kuwa yi suna. Wanda bai ga kasuwar Alhamis ta wancan zamani ba, ban san yadda zan kwatanta masa ita ba. Buzaye da raƙumansu tun daren Laraba, Fulani da garkunansu, fatake daga kudu suna jiran a cika musu mota, ƙaho ko'ina har iyakar ganinka. A tsakiyar wannan duka sai ka hango Mati, sanda a hammata, rawani a kafaɗa bai taɓa naɗa shi ba, yana jan hannun mai saye da dama, na mai sayarwa da hagu, yana yi wa wannan Hausar Kano, yana yi wa wancan ta Damagaram. Idan ya ce lamuni a wuyansa, magana ta ƙare. Mutum zai kora shanu goma ya tafi Legas ba tare da takarda ba, don Mati ya ce ya tsaya masa.

Nakan je masa duk Alhamis ɗin da na samu. In kasuwa ta watse mu zauna gindin wata bedi, wato darbejiya, ya sayo balangu da dabino, ya yi ta ba ni labarin wanda ya so ya cuci wani da yadda ya gano shi. Alaramma yake kirana don tsokana, ya san ban haddace ba. Ni kuma in ce masa Sarkin Baki.

Bakin nan ne ya jawo masa wani aikin da ba na kasuwa ba. Duk wanda matarsa ta yi yaji, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa har ƙauyukan tsallaken iyaka, Mati ake nema ya je biko. A ɗaura masa ƙwaryar goro da turmin atamfa da sabulu a bayan babur, ya tafi da hantsi, kafin la'asar ya dawo da albishir. Yana alfahari da cewa bai taɓa zuwa biko ya dawo hannu wofi ba, mu ma muna taya shi. A ganinmu a lokacin aikin lada ne tsantsa: ya ɗinke aure, ya mayar da uwa kan 'ya'yanta. Babu wanda ya taɓa tambayarsa me ya fito da matar tun farko, ni ma ban ji ana irin wannan tambayar ba a wancan zamani.

Bikon Hanne ya faru ne a shekarar da aka cire Jigawa daga Kano. Abin da zan faɗa daga bakin Mati na ji shi, daga baya kuma Hanne da kanta ta tabbatar mini.

Mijinta, Iro, mai kiwon bijimai ne a wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha, kuma duk abin da ya kiwata ta hannun Mati yake fita. Hanne tana shekara ta biyu a ɗakinsa, da goyo a bayanta, ta tattara ta koma gidan mahaifinta. An aika dattawa sau biyu, tsohon ya mayar da su da goronsu. Sai aka ɗauko Mati. Ya zauna a zauren tsohon tun hantsi, ya kawo hadisi, ya kawo zumunci, ya kawo maganar jaririn da zai tashi ba a gidan ubansa ba, tsohon yana ta cewa ba ta komawa. Can wajen azahar, sai hannu ya fito ta gefen asabarin da ya raba zaure da cikin gida. Hanne ce ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa.

"Baba Mati, duba," in ji ta.

Ya duba. Ya gaya mini cewa duk faɗin ƙasar Gumel babu wanda ya fi shi sanin shatar igiya a jikin fata, domin kowane mako yana ganinta a jikin dabba, kuma ya san ta jiya, ya san ta watan jiya. A hannun nan akwai duka biyun. Sai ya kawar da kai, ya fuskanci tsohon, ya ce zaman aure ba ya rasa irin wannan, amma daga yau lamuni a wuyansa, in aka sake taɓa ta kada a nemi Iro, shi za a nema. Tsohon manomi ne, ya san nauyin wannan kalma a bakin Mati. Sai ya ce a kira ta ta shirya.

Da bazarar da ta biyo baya Mati ya je gidan Iro duba bijiman da za a fitar. Rana ta ɗaga, kwamin shan ruwan dabbobi a bushe, don layin rijiya ya riƙe Hanne. Tana shigowa da tulu a kai, Iro ya cire takalminsa na fata ya kai mata a gefen fuska. Mati yana tsaye a bakin garke, ba labari aka ba shi ba. Tulun ya fashe, jini ya biyo ta kunnenta na hagu har wuya. Shi ya shiga tsakani, shi ya ɗauke ta a babur zuwa ƙaramin asibiti, Iro yana biye da su a keke. Malamin asibiti ya tambayi abin da ya faru, Iro ya ce daga amalanke ta faɗo. Malamin bai gamsu ba, ya juya wajen babban mutumin da kowa ya sani, ya ce, "Haka ne, Alhaji?"

Mati ya ce haka ne. Hanne tana kwance a kan benci, ta ji shi da kunnen da ya rage.

Shekaru da yawa bayan haka na tambaye shi me ya sa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce tun yana yaro jikinsa ya saba da cewa in ya ƙulla ciniki to tsare shi zai yi ko ta halin ƙaƙa, kuma kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya tsare wannan. In ya faɗi gaskiya, ya faɗa wa duniya ke nan cewa lamunin Mati ya karye. "Ba Iro na rufa wa asiri ba, Alaramma," ya ce da ni, "kaina na rufa wa."

Kunnen bai sake ji ba. Mahaifin Hanne ya rasu yana ganin faɗuwa 'yarsa ta yi. Maganar amalanke ta zauna a ƙauyen daram, har yaran da aka haifa daga baya suka tashi da ita, domin Mati ne ya shaide ta.

Bai daina zuwa biko ba, amma ya sauya yadda yake yi, kuma a wannan ne na ga wani Matin da ban sani ba. Ya daina tafiya shi kaɗai. Sai ya goya maiɗakinsa, Hajiya Gambo, ita ta fara shiga cikin gida ta keɓe da matar, ta ji ta bakinta, ta duba abin da namiji ba zai duba ba. Shi yana zaure yana hirar damina da farashin gero, ba ya buɗe maganar da ta kawo shi sai Hajiya ta fito. In ta fito ta zauna, to saɓani ne irin na yau da kullum, sai ya saki bakinsa. In ta fito ta tsaya a tsaye ba ta zauna ba, sai ya yi sallama, ya mayar wa mijin da goronsa da atamfarsa, ya ce masa wannan ba aikin ɗan aike ba ne, aikin alƙali ne. Sau da dama shi yake raka uban yarinya kotu a Gumel, ya zauna a benci tun safe ranar da ba ta kasuwa ba.

Abin bai yi wa mutane daɗi ba. Aka sa masa Lauyan Mata. In ya shigo kara, kasuwar dabbobi, sai ka ji wani ya ce a ɓoye saniyar nan, kada lauyanta ya gan ta da igiya ya kai mu ƙara. Yana dariya tare da su, amma na san wasu manyan masu kiwo sun ɗauke dabbobinsu daga hannunsa, kuma bai sake komawa yadda yake a da ba a kasuwa.

Wajen Hanne kuwa ya je ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta hannun Hajiya Gambo. Ya ce ta ba shi izini ya tara mutane ya warware abin da ya faɗa. Ta ƙi. Ta ce ranar da take bukatar maganarsa ta wuce tun a kan bencin asibiti, yau in ya faɗa ita za a kora, 'ya'yanta su zauna a hannun wanda ya san shi, don haka ya riƙe abinsa. Ya ce to ta yafe masa. Ta ce ba za ta yi wa Allah ƙarya ba, zuciyarta ba ta saki ba, kuma ba za ta faɗi da baki abin da babu shi a ciki ba don kawai dattijo ya ji sanyi. Ba da faɗa take faɗa ba. Takan ba su ruwa, ta raka Hajiya har ƙofa.

Da ciwonsa ya yi tsanani ya aika aka kira ni. Bayan la'asar ne, yana kwance a tabarma a tsakar gida don ɗaki ya yi masa zafi. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a littattafanmu mutum yana iya ɗora wa wani shaidarsa in ya ji tsoron mutuwa za ta riga shi. Na ce akwai wannan babin. Sai ya sa aka tashe shi zaune, ya sa Hajiya Gambo ta matso, ya faɗi abin da idonsa ya gani a gidan Iro tun daga fashewar tulu har tambayar malamin asibiti, a tsare, ba ƙari ba ragi, kamar mai magana gaban alƙali. Ya ce in shaida ya shaida. Ya ce duk ranar da Hanne ta ce a faɗa, in faɗa, in kuwa ba ta ce ba, in tafi da shi nawa kabarin.

Ranar jana'iza liman ya nemi duk mai haƙƙi ya yafe, jama'a suka amsa baki ɗaya kamar yadda aka saba. Hanne ta zo gaisuwa ranar uku, ta zauna da Hajiya, ta yi masa addu'a mai kyau. Da za ta tafi ta same ni a ƙofar gida, ta juyo mini kunnenta na dama kamar yadda take yi wa kowa, ta ce Allah Ya ji ƙansa, amma abin da ke tsakaninsu yana nan. Tun daga lokacin, duk kaka in an kai amfanin gona gida nakan je ƙauyen in gaishe ta. Ba na roƙo. Ta san abin da ya kawo ni, nakan sha fura in tafi.

A cikin shekarun nan shida abubuwa sun faru waɗanda nakan so a ce Mati yana gindin bedin nan mu tattauna su. Bayan rasuwarsa aka sa hannu a kan dokar da ta haramta cin zarafi a jiharmu, har da dukan da ake yi a cikin ɗaki. Rediyo yanzu yana magana a kan abin da a da ko a zaure ba a faɗa. An ce akwai wurin da aka keɓe a asibiti don waɗanda aka ji wa ciwo irin wannan, akwai kuma ofishin jin daɗin jama'a da ake kai kuka. Ƙasashen duniya ma sun ware wasu ranaku a ƙarshen kowace shekara don wannan magana. An taɓa gayyatar mu malamai wani taro a Gumel, wata yarinya mai ladabi daga wata ƙungiya ta haska mana hotuna a bango, aka raba mana riguna masu ruwan lemo waɗanda babu dattijon da zai iya sawa ya shiga masallaci. Wasu daga cikinmu suka ce abin Turawa ne, ana so a raba mu da matanmu. Na ce ni dai abin da na karanta shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa ɗaga hannu ya doki mace ba, kuma ban ga abin kunya ba in wani daga nesa ya tuna mana abin da yake namu tun asali.

Da Mati yana wurin, ina jin zai saurara har ƙarshe, sannan ya yi irin tambayarsa ta 'yan kasuwa: to wa zai kai kayan? Doka tana Dutse, matar tana ƙauyen da in an yi ruwa mota ba ta shiga. Ma'aikaciyar da aka ɗora wa ƙananan hukumomi tana da niyya, ba ta da man babur. Mu kuma nan muna da wata matsalar da na tabbata masu rubuta doka ba su zauna a kanta ba: mutum ya yi ɓarna da safe, kafin azahar ya tsallaka, yana shan shayi a gidan kawunsa a ƙasar da takardar alƙalinmu ba ta aiki. Dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, aure ana yi tsakani, amma hukuma biyu. In har ƙasashe za su haɗu a kan wannan magana, ina roƙon su fara da nan, inda 'yan sandan wannan ɓangare da jandarmomin wancan suke hango juna kullum. Suna iya haɗa kai a kan buhun shinkafa da jarkar mai, ban ga abin da zai hana su haɗa kai a kan mutumin da ya karya hannun matarsa ba.

Duk da haka ba zan ce ba a yi komai ba. Bana na ga amfaninsa da idona.

Iro ya rasu shekara uku da suka wuce. Na zaci a kakar shekarar Hanne za ta ce wani abu, amma ta ce ba za ta tona wa mamaci asiri don ta huce haushi ba, 'ya'yanta uba suka rasa. Na koma gida ina ganin watakila da amanar nan za a binne ni.

Sai ga shi ana gab da ɗaukewar ruwan bana waya ta shigo. Hanne ce, tana ɗaga murya kamar yadda masu kunne ɗaya suke yi. Ta ce autarta Mariya ta dawo gida daga Maigatari da hannu a kumbure, ba ta iya ɗaga shi. Mijin, mai ɗaukar kaya a babur tsakanin nan da tsallake, ya haye can ya zauna, ya aiko za a zo biko jibi. Baffan yarinyar, Sale, ƙanin Iro, wanda yanzu shi ne waliyyi, ya riga ya ce za ta koma. "Malam," ta ce, "ka zo da saƙon abokinka."

Na isa da hantsi na tarar da zaure a cike. Dattawa uku daga Maigatari da goronsu a gaba, Sale a kan buzu, 'ya'yan Hanne maza biyu a rakuɓe a bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Masu biko suka faɗi abin da ake faɗa, yaro ne, sharrin Shaiɗan ne, ya yi nadama. Sale ya karɓa musu. Ya ce gidansu ba a san su da kai ƙara ba, ga uwar yarinyar nan, ta yi yaji sau ɗaya tana ƙuruciya, aka yi biko, ta koma ta zauna shekara talatin a ɗakin yayansa ko yatsa ba a sake nuna mata ba. Abin da uwa ta yi shi 'ya za ta yi.

Daga cikin gida Hanne ta ce ba haka aka yi ba, ta ce a tambayi kunnenta. Sale ya yi murmushi, ya ce wa baƙin su yi haƙuri, tsufa ne, kunnen nan kowa ya san amalanke ne, marigayi Alhaji Mati da kansa yana wurin.

Sai na nemi izinin magana. Na ce ni ba ɗan garin nan ba ne, kuma ba da bakina zan yi magana ba, shaidar Mati ce ya ɗora mini kafin ya cika, maiɗakinsa tana raye tana iya tabbatarwa. Na faɗe ta yadda ya faɗa mini. Ban tausasa ba, ban kuma ƙara ba. Na faɗi takalmin, na faɗi jinin, na faɗi abin da ya ce wa malamin asibiti, da dalilin da ya ce ya sa shi faɗa. Ina magana ina kallon 'ya'yan nan biyu, don ubansu ake faɗa. Babban ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce mini ba sabon labari na ba shi ba, a gidan ya girma, amma bai taɓa jin namiji ya faɗe shi a zaure ba.

Sale ya fusata. Ya ce, "Malam, da girmanka ka zo kana cin naman mamaci?"

Na ce mamata biyu ne a cikin maganar, ɗaya daga cikinsu ne ya aiko ni, kuma asirin kansa ya fi tonawa.

Babban masu bikon tsohon mahauci ne, ya yi hulɗa da Mati shekara da shekaru.  Sai ya ce Mati bai taɓa yi masa ƙarya a kan dabba ba, bai ga abin da zai sa ya yi wa kansa ƙazafi yana bakin kabari ba. Ya tambaya ko za a bari ya ga hannun yarinyar. Hanne ta yafa mayafi ta fito da ita har tsakiyar zaure, abin da ban taɓa ganin mace ta yi a ƙauyen ba. Tsohon ya duba, ya ce wannan karaya ce, ya jawo ƙwaryar goron gabansa ya ɗaure bakinta. Ya ce shi dai an aiko shi ɗinke saɓani, ba a gaya masa wannan ba.

A ranar yayanta ya kai Mariya asibiti, muka bi su. Da ma'aikaciyar jinya ta zo tambayar abin da ya faru, sai ta ce duk mu fita, har ni, har uwar, ta rufe ƙofa ta tambayi yarinyar ita kaɗai. An ce haka aka koya musu yanzu. Na tsaya a baranda ina jin daɗin korar da aka yi mini. Abin da aka rubuta a takardar shi aka kai ofishin jin daɗin jama'a, daga nan zuwa kotu. Ba zan ce magana ta ƙare ba. Mijin har yau yana tsallake, Sale ba ya amsa gaisuwata, ma'aikaciyar da ta yi alkawarin zuwa ƙauyen sai da aka aika mata babur. Amma Mariya tana ɗakin uwarta, hannun ya kama, kuma babu wanda ya isa ya ce daga wani abu ta faɗo.

Idan na auna abin da ya rage na Mati, ba shanun da ya sayar ba ne, waɗannan an cinye su tuntuni, kuma samarin da ke dillanci a kara yanzu da waya suke ciniki, rabinsu ba su san sunansa ba. Mutum ne da ya yi kuskure babba da bakin da Allah Ya ba shi, ya gane, ya biya abin da zai iya biya yana raye, ya nemi hanyar biyan sauran bayan ransa. Na ji an ce a wasu ƙauyukan Sule Tankarkar har yanzu in za a je biko sai a tafi da dattijuwa ta fara shiga, ba su ma san wanda ya faro abin ba. Wannan ya rage.

Alhamis ɗin da ta wuce Hajiya Gambo ta aiko in zo, ta yi baƙuwa. Na tarar da Hanne zaune a tabarma a tsakar gidan, ta biyo motar kasuwa, ta kawo wa Hajiya ɗan wake da kuka a ƙulli. Muka gaisa, aka taɓa hirar amfanin gona da tsadar taki. Sai ta gyara zama, ta ce ta zo ne a gidansa, gaban iyalinsa, don ba ta son a ce a waya ta faɗa.

"Malam, ka shaida. Na yafe wa Baba Mati, duniya da lahira. Wannan karon har ciki."

Hajiya Gambo ta kama hannunta, hawaye yana zuba, ta ce don Allah ta sake faɗa.

"Hajiya, ni ce mai kunne ɗaya, ba ke ba," in ji Hanne. Amma ta sake faɗa.

Na shaida. Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na taka zuwa maƙabarta, na yi wa mazauna wurin sallama, na tsaya a kansa na gaya masa. Allah Ya ji ƙan Mati, Ya sa ya huta.